Ku bari ya zauna kafin ku gaishe shi

Jama'a, akwai wani dattijo da muke gamuwa da shi a hanyar kasuwar Lahadi ta Filinge, ba sai mun faɗi sunansa ba. In yana tafiya sai ka ga ya ware ƙafafu yana tangaɗi kamar wanda ya bugu. Yara na bin shi da dariya. Mu manya ma, Allah ya yafe mana, munka ce giya ce, wasu sunka ce iskoki. Abin da ya fi ba mu haushi, in ka yi masa sallama yana tafe, ba ya amsawa sai ya tsaya cak. Munka ce girman kai.

Ashe ciwo ne. Da ɗansa ya kai shi Yamai, likita ya ce sunansa ataksi.

A lakwal an koya mana da Faransanci cewa wajen ƙeya akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa, sarbele. Munka haddace don jarrabawa, munka manta. To ita ce ke daidaita taku ba tare da saninka ba, shi ya sa mace ke ratsa rairayin Dallol Boso da tulu a ka tana hira. In ta lalace, ko ta gado, ko toshewar jijiyar jini, ko yawan barasa, wani lokaci ma bayan masassarar cizon sauro mai tsanani, sai gaban ƙwaƙwalwa, wajen goshi inda ake tunani, ya ɗauki kayan. Masu bincike sun sa wa irin waɗannan majinyata wata hula mai auna jinin da ke zuwa wajen suna cikin tafiya, sunka ga wurin na aiki fiye da na mai lafiya. Kenan shi kowane taku lissafi ne.

Sai kai kuma ka taso da gaisuwarmu ta Kurfai: ina kwana, ina gida, ina yara, ina gajiya, yaya damina. Kai ɗaya, aiki biyu. Ko ya amsa ya faɗi, ko ya tsaya.

Mu na gidan rediyo baki ne sana'armu, shiru na yi mana wuya. Amma Lahadin da ta wuce mun bi bayansa, ba mu ce uffan ba, har ya kai rumfar mai shayi ya zauna. Can munka gaisa. Maganarsa a hankali take fita, tana ja. Ya ce yana jin mu kullum da safe, sai dai labarin farashin hatsi muna wuce shi da sauri.