Ƙishirwar da ta biyo ni gida

A ƙarshen watan Oktoba na 2013 ina aikin jinya a Arlit, sai labari ya zo cewa motoci biyu da suka nufi Tamanraset sun lalace cikin hamada, kusa da iyakar Aljeriya. Ina cikin waɗanda suka bi sojoji neman mutanen. Gawa 92 aka ƙirga: yara 52, mata 33, maza 7. Ƙishirwa ce ta kashe su. Galibinsu mutanen ƙasar Kance ne, ni kuwa ɗan Dawce ne. Ashe ƴan uwana na je rufewa. Muka tarar da su a warwatse, wani wuri uwa da ƴaƴanta gindin itace guda. Muka sallace su, muka haƙa, muka rufe.

Gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku, amma ni ko hawaye ban yi ba. Abokan aiki suka ce: "Wane namiji ne." Barci ya ƙi mini kamar mako biyu, sannan ya dawo, na ɗauka magana ta ƙare.

Bayan kusan shekara guda aka maido ni aiki gida. Ran nan a tashar Matamaye na ga wata mata da goyo tana hawa mota, riƙe da jarkar ruwa naɗe cikin buhu, irin waɗanda muka tsinta wayam cikin rairayi. Nan take gabana ya faɗi, gwiwoyina suka saki. Daga ranar mafarki ya kama ni. Na daina bi ta tasha. In na iske randa ba ta cika ba, sai in hau uwargida da faɗa. Gidajen da suka yi rashi kuwa, na kasa shiga gaisuwa. Inna ta ce iska ce, aka yi mini rubutu na sha. Addu'a ta kwantar mini da rai, amma mafarkin bai tafi ba.

Wani likitan ƙwaƙwalwa a Damagaram ne ya fahimtar da ni. Ya ce wannan ciwo ne sananne, na firgitar da ke biyo bayan bala'i, wanda likitocin Amurka suka ba suna tun 1980. Razana da rashin barci na kwanakin farko ba ciwo ba ne. Sai sun wuce wata guda suna hana mutum harkarsa. Wani kuma nasa ba ya cika sai bayan wata shida ko fiye.

Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a birnin Niyok, an bi lafiyar ma'aikatan ceto shekara da shekaru. Aka ga mafi yawansu sun tsaya lafiya, wasu sun kamu da wuri sun warke, wasu ya zauna musu, wasu kuwa sun fara kamar garau, sannan abin ya riƙa ƙaruwa. Ƴan sa kai da leburori sun fi ƴan sanda kamuwa. Ni ina cikin na ƙarshen nan. Wata da watanni ina zuwa wurinsa ina ba da labarin da na binne tare da gawawwakin, har ya daina shaƙe ni.

Ya ku shugabannin ma'aikatu da iyayen gida na kasuwa, in yaronku ya dawo daga ambaliya, gobara ko haɗarin mota, kada ku tsaya ga "sannu da ƙoƙari" na ranar farko. Ku sake tambayar sa bayan wata shida, ku sake bayan shekara. In kun ga mai haƙuri ya zama mafaɗaci, ko mai zuwa aiki da wuri ya soma fashi, ku kai shi likita kafin ku rubuta masa takardar gargaɗi.

Ni dai alhamdu lillahi na samu sauƙi, na kuma je gaisuwar da na daɗe ina gudu. Amma har yau ba na kwanciya sai na leƙa randa.