Makon Ƙwayar Zarra a Ajinmu

Litinin

Yau na fara darasin ƙwayar zarra da 'yan aji ɗaya na babbar sakandare. Na raba musu guntayen alli, na ce su yi ta murjewa har ya zama gari. Wata yarinya daga baya ta ɗaga hannu, ta ce, "Malam, in muka yi ta niƙawa, akwai inda za a tsaya?" Na ce mata, "Akwai, 'yata." Inda ake tsayawa ɗin shi ne zarra. John Dalton, wani malamin makaranta a Manchesta ta Ingila, ya wallafa a 1808 cewa kowane sinadari yana da irin tasa zarrar mai nauyinta daban. Yanzu an san sinadarai 118, jere a jadawalin da Mendeleev ɗan Rasha ya aza harsashinsa a 1869.

Talata

Mun leƙa cikin zarra. Furoton da niyutiron suna dunƙule a cibiya, ilektiron na kewaye da su. Wani masani mai suna Rutherford ya bayyana wannan cibiya a 1911, bayan an harba ƙananan ƙwayoyi a kan siririn fallen zinariya, yawancinsu suka wuce sumul, ƙalilan suka dawo. Na ce musu da za a buɗa zarra ta kai faɗin filin wasa na Sani Abacha, cibiyarta ba za ta fi ƙwayar gero a tsakiyar fili ba. Ajin ya yi tsit.

Laraba

Yara sun zo da laka da tsinken tsintsiya. Kowa ya mulmula babban dunƙule ɗaya, oksijin, da ƙanana biyu, haidirojin, ya soke su da tsinke. Ga molekul ɗin ruwa a tafin hannu. Abin da ya ɗaure musu kai shi ne haidirojin yana kamawa da wuta, oksijin yana rura ta, amma haɗinsu ne ke kashe gobara. Gishiri ma haka: sodiyam ƙarfe ne mai tartsatsi in ya taɓa ruwa, kulorin iska ce mai guba, sai ga su tare a miyar kuka. In zarra ta ƙulla da wata, sabon abu ne ake samu mai halinsa daban.

Alhamis

Na sayo ƙanƙara, na aro risho da tukunya. Muka tsoma ma'aunin zafi. Ƙanƙara na narkewa, ma'auni ya tsaya cak a digiri 0 har guntun ƙarshe ya ɓace, domin duk zafin yana tafiya ne wajen sassauta riƙon da molekul suka yi wa juna. Daga nan ya yi ta hawa har ruwa ya tafasa dab da digiri 100. A Jos, saboda tudu, yakan tafasa wajen 96. Muka kifa faranti mai sanyi a kan tururin, ɗigo ya taru ya gangaro. Wani yaro ya ce, "Malam, ashe ruwan bai tafi ko'ina ba." Daskararre, mai gudu da iska duk molekul ɗaya ne; tazara da saurin motsi ne suka bambanta.

Juma'a

Darasi gajere ne saboda masallaci. Na tambayi abin da ke sanyaya ruwan randa. Suka yi ta gardama har suka gano da kansu: ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, molekul masu zafin gudu su tsere cikin iska, su tafi da zafin. Sai misalai suka ɓarke: kafur da ke ƙanƙancewa a akwati ba tare da ya jiƙa tufafi ba, man shanu a rana, ƙamshin turaren wuta da ke isa zaure. Yaran nan sun daɗe suna ganin kimiyya a madafin iyayensu, dalilin kawai suka rasa, kuma shi ne hakkinsu a kaina. Na ba su aikin gida: kowa ya kawo sauyi uku da ya gani da idonsa, ya bayyana abin da molekul suke yi a ciki.