Gwazar Inna da jan furen Turkiyya

Wannan makon ni aka ɗora wa rubutu, kuma labarina bai wuce na wani ɗan fili da bai kai faɗin tabarma biyu ba.

A gidanmu na Maikujera, bayan ɗakin Inna, akwai inda ruwan alwala da na wanke-wanke ke gangarawa ya kwanta kafin ya fita ta magudana. Wurin ba ya bushewa ko da bazara, ga inuwar katanga da ta dogon yaro. A nan Inna take da gwaza tun kafin a haife ni. Ta ce daga gidan iyayenta na wajen Wurno ta zo da irin a cikin ƙwarya, shekarar da aka kawo ta. Wasunku makani za su ce, ba zan shiga wannan gardamar ba, mu dai gwaza muka tashi muka ji.

A 2022 ƙanen maiɗakina ya dawo daga karatu a Turkiyya, ya kawo mini tsarabar wata 'yar takarda cike da iri baƙi, ƙanana kamar yashi. Ya nuna mini hoto a wayarsa, gonar alkama ce ta yi jawur da wani fure har iyakar gani. Turawa suna kiransa fofi. Tun a lokacin na ƙudurta sai na ga wannan ja a tsakar gidanmu.

Cikin watan Mayu Inna ta tafi Sakkwato wajen ƙanwata da ta haihu. Na dubi gidan kaf ban ga wuri mai laima kamar na gwazarta ba. A tunanina duk tsiron da ya fito daga ƙasar sanyi ruwa yake so. Na sa fartanya na tone 'ya'yan gwazar da suka fara toho, na tara su a gindin katanga da niyyar in sake musu wuri gobe. Goben ba ta zo ba sai bayan kwana goma. Wanda ya san ranar Mayu a ƙasar nan ya san abin da na tarar. Wasu sun ƙeƙashe kamar tsakuwa, waɗanda ke ƙasa sun ruɓe.

Shi kuwa furen, na binne rabin irin da zurfi kamar mai shuka gero, ina ba shi ruwa safe da yamma. 'Yan zarurruka suka leƙo, suka kwanta, shi ke nan.

Da Inna ta dawo ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta tsaya ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta ce, "Mi kash shibka nan?"

Na ce, "Fure ne, Inna."

"Ana cinai?"

"Ba a ci."

"Magani na?"

Na yi shiru. Ta shige ɗaki.

Sai daga baya na gane girman ɓarnar. Gwaza ba ta da irin da za ka ƙulle a tsumma ka rataye a rumbu. Ba kasafai take fure ba, manomi ba ya jiran ƙwayarta. Daga jikin uwar ake ɓallo ɗan da za a dasa, saboda haka wadda na tone ita ce dai wadda ta zo cikin ƙwarya, tana ta sabunta kanta shekara sama da arba'in. In aka yi sake shekara ɗaya tak babu wanda ya adana 'ya'yan a wuri mai sanyi, zancen ya ƙare. Wannan hali nata ne ma ya sa cuta ke yi mata kwaf ɗaya, tunda duk gonar jiki guda ce. A 1993 cutar ƙunar ganye ta kusa share gwazar tsibirin Samowa gaba ɗaya, kuma wajen 2009 irin wannan cuta ta bayyana a kudancin Najeriya, ƙasar da ta fi kowace noman gwaza a duniya. Mu namu annobar ni ne da fartanyata.

Da na koma na yi karatun da ya kamata in yi tun farko, sai na ga fofi kishiyar gwaza ne ta kowace fuska. Tsiro ɗaya yana zubar da dubban ƙwayoyi, kuma ƙwayar tana iya kwanciya cikin ƙasa shekaru gommai ba ta mutu ba, tana jiran ranar da za a motsa ƙasar haske ya taɓa ta. Shi ya sa yake bin garma a gonakin alkama na Turai, inda manoma ke ɗaukarsa ciyawa. Shi ya sa kuma a Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, da bama-bamai da ramukan soja suka birkice ƙasar Filandas ta Beljiyam, furen ya rufe fagen yaƙi da kaburbura. Har yau mutanen Ingila suna maƙala shi a ƙirji duk 11 ga Nuwamba don tunawa da sojojinsu. Mu ma a da ranar muke bi, kafin a mayar da tamu 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Ga masu tambaya, ba shi ne wanda ake haɗa ƙwaya da shi ba, wancan ɗan uwansa ne daban.

Ashe duk abin da na yi masa kuskure ne. Ba ya son a binne shi, a bisa ƙasa ake yayyafawa. Ba ya son ƙasa mai riƙe ruwa, ba ya son dashe, ba ya son zafi. Na ba shi gidan gwaza da abincin gwaza a lokacin gwaza, na kashe mai gidan, baƙon ma bai zauna ba.

Abin da ya cece ni wata tsohuwar kyauta ce. Shekarun baya Inna ta taɓa ɗibar wa wata maƙwabciyarmu 'ya'yan gwazar nan, ita kuma ta dasa a bayan madafinta. Bayan kwana biyu Inna ta yafa mayafi ta fita, ta dawo da guda bakwai a bakin zane. Da hannunta ta dasa, ba ta nemi in taya ta ba, ni ma ban yi ƙarfin halin tayawa ba. Biyar suka kama.

In ana maganar kyau ma, kada a raina gwaza. Ganyenta faffaɗa kamar faifai, in ruwa ya zuba a kai sai ya dunƙule yana gangarawa kamar dutsen ado, bai jiƙa shi ba. Wata shida zuwa bakwai tana tsaye kore shar, sai ganyen ya fara rawaya a san ta nuna. A dafa ta sosai, don ƙaiƙayin nan da take sa wa maƙogwaro wasu ƙananan allurai ne na wani gishiri da ido ba ya gani, dahuwa ce ke karya ƙarfinsu. A ɓare, a dangwala yajin ƙuli, yara sun yi kalaci. A shekarun nan da rashin tsaro ya sa gonar nesa ta zama abin fargaba a Rabah da Wurno da Goronyo, kwano biyu ko uku na abinci da ya fito daga bayan ɗaki ba abin wasa ba ne. Aibinta ɗaya, shan ruwa. In gidanka babu inda ruwa ke kwanciya da kansa, kada ka sayi na 'yan garuwa saboda ita, ba za ta biya ka ba.

Ban haƙura da furen ba. A watan Nuwamba na samo tsohon daro mai huda, na cika shi da yashi da ɗan taki, na gauraya sauran irin da yashi na yayyafa a kai, na ajiye can nesa da wurin Inna. Sanyin hunturu ya karɓe shi. Cikin Fabrairu, wata safiya bayan na dawo masallaci, na tarar guda uku sun buɗe. Ja ne irin wanda ban taɓa gani a jikin tsiro ba, ganyen furen sirara har rana na ratsa su. Kafin la'asar iska ta kakkaɓe biyu. Haka suka yi ta yi, wannan ya buɗe wancan ya zube, har zafin Maris ya ƙone su duka. Mako uku ke nan, kuma ko akuya ba ta amfana ba.

Inna ta zo ta duba, ta murza ganyen, ta ce, "Wanga ai ɗan uwan kwarko na." Kuma gaskiyarta. Kwarkon nan mai ƙaya da rawayan fure da ke fitowa da kansa a busasshen gulbi da rani danginsu ɗaya, shi ma baƙo ne, asalinsa daga Meziko. Na yi shekaru ina taka shi ban taɓa tsayawa na dubi furensa ba. Sai dai a kula da yara, ƙwayarsa guba ce.

Wanda ya tambaye ni wanne zai shuka, in wurin ɗaya ne kuma mai laima, gwaza zan ce masa ba tare da dogon tunani ba. Fofi na daro ne da hunturu, ga mai sha'awa. Kuma ina roƙon wanda ya samu irin kada ya kai shi kusa da fadamar da ake noman alkama. Abin da ke iya kwana shekaru cikin ƙasa ba a wasa da shi a gonar mutane.

Bana da Inna ta tone gwazarta a ƙarshen kaka, bayan mako biyu sai ga wasu 'yan tsirrai masu gashi-gashi a gefen wurin, inda ƙasar ta ɗan tashi ba ta riƙe ruwa. Ko daga wanda na binne a 2022 ne, ko iska ce ta ɗebo daga daron, Allah masani. Na ɗauko fartanya da sauri zan share kafin ta gani, sai na ji muryarta daga bakin ƙofa.

"Bar min guda biyu. Sauran ka cire, kuma kak ka taɓa min tsakiya."