Ƙwayar Ƙura a Fentin Mota, a Jamus da Kano

Fentin motar zamani hawa-hawa ne: shimfiɗar ƙasa, sannan launi, sannan wani ruwa garai-garai mai ƙyalli wanda shi ne garkuwar launin daga zafin rana, kaurinsa kuwa, a motar da ta fito daga masana'anta, galibi bai wuce maikuron 40 zuwa 50 ba, alhali maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. A kan wannan hawa na ƙarshe ne aibobi suke bayyana, walau ƙwayar ƙura da ta faɗa tun fenti yana ɗanye, ko zubowa inda feshi ya yi yawa, ko kuwa wani gurji-gurji kamar ɓawon lemo.

A nan Jamus, inda almajirin wannan sana'a yake shekara uku tsakanin gareji da makaranta kafin a ba shi shahada, ana feshi ne cikin ɗaki rufaffe wanda iska tatacciya take saukowa daga rufinsa ta fice ta ƙasa, sa'an nan a gasa fentin da zafi kimanin digiri 60 na wajen rabin sa'a. Duk da wannan ihtiyaɗi ƙura ba ta rasa hanya. To, idan mai fenti ya haska fitila ya gano ƙwaya ɗaya, ba ya kai hannu gare ta sai ya ɗora ma'aunin kauri a kan ƙarfen ya san iyakar abin da ya halatta ya kankare. Daga nan ya naɗa samfefa mai lamba 1500 a kan ɗan dunƙule mai tauri, ya goge gurbin da bai fi farcen babban yatsa ba, ya bi da 2000, ya bi da 3000, kana ya dawo da ƙyallin da man gogewa.

Masu fentinmu na Ƙofar Ruwa a Kano, ko na Fanteka a Kaduna, a ƙarƙashin rumfar kwano suke aikinsu, kuma haƙiƙa ina ganin girmansu, domin mutumin da ya san ya yayyafa wa ƙasa ruwa, ya yi sammako ya yi feshi kafin iska ta motsa, ya kuma fitar da mota tana sheƙi a tsakiyar hunturu lokacin da hazo ya rufe gari, wannan ya mallaki ilimin da Bajamushe bai taɓa bukatar nemansa ba. Tafin hannunsa ma yakan ji abin da ido bai gani ba.

Amma abin da yake damuna shi ne, saboda ƙura ta yi yawa, al'ada ta zama a bi ƙofa sukutum da samfefa da ruwan omo, da yatsu tsirara, waɗanda suke barin kwari a fenti, kuma suna cinye hawan ƙyallin ba tare da mizani ba, musamman a gefuna inda dama ya fi siranta. Ranar karɓar mota babu mai ganin illa. Sai bazara ta zagayo sau ɗaya ko biyu, rufi da murfin inji su fara fari suna ɓarewa, a ɗora laifin a kan fenti.

Mai mota ma yana da nasa alhakin. Fentin da ba a gasa ba yana bukatar kwana ɗaya ko fiye kafin ya ƙeƙashe, amma idan mai fenti ya ce, "Alhaji, a bar ta ta kwana tukuna," amsar da yakan samu ita ce gobe akwai ɗaurin aure a Zariya. Sai a goge shi da taushinsa, samfefa ta toshe, ƙyallin kuma ya dushe bayan 'yan makonni. Ɗakin gashi ya fi ƙarfin yawancin garejinmu, wannan gaskiya ne, amma guntun katako mai lafiyayyar fuska da za a naɗa wa samfefa, kowane kafinta zai yanko shi kyauta.