Kujerar da Aka Ƙera da Bindigogi

Tun zamanin kakanni, da itace, da dutse, da yumɓu, da tagulla aka san masu sassaƙa da maƙera suna aiki. Masu fasaha na wannan zamani kuwa sun miƙa hannu ga abubuwan da mutane suka yar. El Anatsui, mutumin Gana wanda ya daɗe yana koyarwa a Nsukka, marafan kwalaben giya yake ɗinkewa da wayar jan ƙarfe, har su zama kamar babban zane mai ƙyalli. Amma a ƙasar Mozambik aka yi aiki da kayan da suka fi kowanne nauyi a zuciya, wato bindigogin yaƙi.

Ga yadda abin ya faru. Daga 1977 zuwa 1992 mutanen Mozambik suka yi yaƙin basasa, wajen mutum miliyan ɗaya suka hallaka. Da aka sa hannu a kan yarjejeniyar sulhu a birnin Roma, sojoji suka koma gida, amma bindigogi ba su koma inda suka fito ba. Aka ɓoye su a daji da cikin ramuka, gama ba wanda ya amince da maƙwabcinsa tukuna.

A shekara ta 1995 Majalisar Kirista ta Mozambik, bisa ga jagorancin Bishop Dinis Sengulane na Ikkilisiyar Angilikan, ta soma wani shiri na mai da makamai kayan aiki. Daga annabcin Ishaya, sura ta 2, suka sami wannan tunani. Duk wanda ya kawo bindiga, sai a ba shi fartanya, ko keke, ko keken ɗinki, ko kayan gini. Hikimar a fili take. Mutumin da bindiga ce kaɗai dukiyarsa ba zai sake ta don wa'azi kawai ba, sai an sa masa wani abu a hannu wanda zai ci da iyalinsa da shi. Ta haka aka tattara makamai fiye da 600,000.

Aka lalatar da su, aka kuma ba masu fasaha na Maputo waɗansu gutsattsarin. Ɗaya daga cikinsu, Cristóvão Canhavato, wanda ake kira Kester, ya haɗa su da walda ya ƙera kujerar sarauta a 2001. Majinginarta da ƙafafunta da wurin ɗora hannu duka bindigogi ne. Babban gidan ajiye kayan tarihi na Ingila, a Landan, ya saye ta a 2002. Bayan haka Kester da abokan aikinsa uku suka ƙera Itacen Rai, mai tsayin fiye da mita 3, aka kafa shi a wannan gida a 2005. Wani kuma, Gonçalo Mabunda, ya kai irin wannan aiki babban bikin nunin fasaha na Benis, a Italiya, a 2015.

Mai karatu zai iya tambaya, don me ba a narkar da ƙarfen gaba ɗaya ba, a yi tukwane, a huta da ganinsa? A nan ne darajar aikin take. Maƙeran sun bar kowane gutsure yadda za a gane shi. Mai kallo yana ganin bakin bindiga, da kunamarta, da gindinta wanda ya goge a kafaɗar wani saurayi. Bindigar ta mutu, ba za ta ƙara tashi ba, duk da haka tana ba da shaida. Har masu bincike sun bi sawun bindigogin kujerar, suka tarar ba ko ɗaya da aka ƙera a Afirka. Waɗansu na Fotugal ne, waɗansu daga Rasha da ƙasashen da suke goyon bayanta. Da an narkar da su, da wannan magana ta narke tare da su. Ita kanta kujerar tana tuhumar duk mai mulkin da ya zauna bisa makamai.

Kada a ɗauka cewa kujera ko itacen ƙarfe sun kawar da yaƙi. Faɗa ya sāke tashi a tsakiyar Mozambik a 2013, wani kuma ya ɓarke a lardin Kabo Delgado a 2017. Aikin mai walda bai fi ƙarfinsa ba: yana yanka bindiga ɗaya, ya hana ta kisa, ya ajiye ta inda 'ya'ya da jikoki za su gan ta su yi tambaya.

Jama'ar da ta sha tashin hankali takan rasa yadda za ta yi da abin da ya wuce. Waɗansu sukan binne shi su yi shiru, kamar bindigar da aka turbuɗe a rami, tana jiran ranar da za a tono ta. Waɗansu sukan riƙe shi da harsashi a ciki. Mutanen Maputo sun nuna hanya ta uku. Gafartawa ba ta bukatar a ce ba a yi ɓarna ba. Tana bukatar a fito da makamin fili, a karya shi a gaban kowa, sa'an nan a ba mai shi fartanya ya koma gona.