Cigiyar Abokin Karatu

   

Labarin da ke yawo tsakanin mutanen da suka taɓa zama aji ɗaya iri biyu ne. Akwai wanda yake zuwa da ƙafarsa, wato irin su wane ya samu aiki, wane ya yi aure, an yi wa wane ƙarin girma, wane ya sauke farali. Akwai kuma wanda ba ya zuwa sai an tashi an je an ɗauko shi, domin mai labarin ba zai taɓa buɗe baki ya faɗa ba. A kan wannan na biyun nake so mu ɗan tattauna yau, musamman da ƙannena matasa waɗanda ba su daɗe da barin sakandare ba, kuma suke ganin kamar zumuncin da ke tsakaninsu ba abin da zai taɓa shi.

Mu dai mun kammala sakandare a shekarar 2008. Yawancinmu 'ya'yan manoma ne daga Tudun Kaya da ƙauyukan da ke kewaye da Karaye, da wasu daga ɓangaren Rogo. Ranar da muka rubuta takardar ƙarshe ta NECO kowa ya ɗauki alƙawarin ba za a yada juna ba, amma ko wata uku ba a yi ba kowa ya kama gabansa. Wasu sun samu gurbi a Jami'ar Bayero ko a Zariya. Wasu, irina, sun bi ɓangaren Larabci da addini kafin su wuce jami'a. Wasu sun shiga Kantin Kwari da Dawanau suna yaron shago. Wasu sun tafi ci-rani Legas da Fatakwal. Da yawa kuwa ba su je ko'ina ba, sun koma gonar da suka taso a cikinta, damina su yi masara da dawa, rani kuma waɗanda ke kusa da madatsar ruwa ta Challawa su yi lambu.

A shekarun farko labari yana tafiya ne a hankali. Sai ka haɗu da mutum a tasha, ko ranar kasuwa, ko a filin Idi, sannan ka ji cewa wane ya yi aure tun bara har an haifa masa ɗiya. Wayar salula ta shigo ƙasar nan tun 2001, amma ba kowa ke da ita a cikinmu ba, mai ita kuma sau da yawa filashin kawai yake iya yi. Daga baya aka shiga zamanin 2go da Facebook, har aka zo ga zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, wanda a yanzu da wuya ka samu ajin da ba shi da irinsa. Alal haƙiƙa wannan ni'ima ce. Abokin da ke Sudan ko Malesiya yana karatu zai ji labarin sunan ɗanka a ranar da aka raɗa shi, ya yi maka addu'a kafin a gama rabon goro.

Sai dai na daɗe ina lura da wani abu. Idan ka zauna ka bi labaran da ake kawowa cikin shekara guda, za ka ga kusan mutum goma zuwa goma sha biyar ne suke ta maimaituwa, alhali mu da muka gama tare mun haura sittin. Su ne masu hoton ofis, da hoton filin jirgi, da katin ɗaurin aure. Ba laifi suka yi ba, Allah ne ya ba su, kuma muna taya su murna. Amma ina sauran? Wani ba shi da babbar waya. Wani yana da ita amma kuɗin data a wurinsa kuɗin cefanen yini ne, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da komai ya yi tashin gwauron zabo. Wani kuwa yana nan cikin zauren yana karanta komai, sai dai ya zaɓi shiru, domin yana ganin ba shi da abin faɗa a gaban waɗanda a da yake koya musu lissafi, yau kuma suna hawa mota shi yana tura baro.

A makaranta akwai abin da yake hana mutum ɓata, shi ne rajista. Kowace safiya malamin aji zai kira suna ɗaya bayan ɗaya, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, mai ƙoƙari da mai zuwa na ƙarshe. Wanda bai amsa ba nan take za a tambaya, lafiya? Bayan an gama makaranta babu mai kiran rajista kuma. Wanda ya yi magana shi ne yake nan, wanda ya yi shiru sannu a hankali sai sunansa ya fita daga bakin mutane. Sau da yawa labarinsa na farko da zai iso shi ne na rasuwarsa. Sai ka ga an jero addu'o'i, Allah ya jiƙansa, Allah ya gafarta masa, can ƙasa kuma wani ya rubuto cewa don Allah a sa hotonsa, bai gane ko wane ne ba. Mutumin da aka yi shekara shida ana zama benci ɗaya da shi ke nan.

Ya ɗan uwa mai karatu, idan muka duba rayuwar Manzon Allah (SAW) za mu ga cewa shi mai cigiyar mutanensa ne, abin da malamai suke kira tafaƙƙudi da Larabci. Imamu Muslim ya ruwaito cewa bayan wani yaƙi Annabi (SAW) ya tambayi sahabbai ko akwai wanda suka rasa. Suka ambaci wane da wane. Ya sake tambaya, suka ƙara ambato wasu, har daga ƙarshe suka ce babu saura. Sai ya sanar da su cewa shi kam bai ga Julaibibu ba, ya sa a nemo shi. Julaibibu mutum ne da ba shi da dukiya ko wani dangi sananne, shi ya sa bai zo a lissafin kowa ba. Aka same shi ya yi shahada kusa da mutum bakwai da ya kashe daga cikin abokan gaba. Annabi (SAW) ya ɗauke shi a kan hannayensa masu albarka har aka haƙa masa kabari.

Haka nan Bukhari da Muslim sun kawo labarin matar nan da take share masallaci. Annabi (SAW) ya daina ganinta, ya tambaya, aka ce ai ta rasu. Mutane sun ɗauki lamarinta ƙarami, shi ya sa ba su sanar da shi ba. Bai ji daɗin haka ba, ya sa aka nuna masa kabarinta ya je ya yi mata salla. Sannan ga Sabitu ɗan Ƙaisu, wanda ya kulle kansa a gida bayan saukar ayar Suratul Hujurat da ta hana ɗaga murya sama da ta Annabi, domin shi mutum ne mai ƙarfin murya, yana tsoron ayyukansa sun rushe. Da Annabi (SAW) ya rasa shi, wani sahabi ya ɗauki nauyin zuwa ya binciko labarinsa, ya tarar da shi zaune cikin baƙin ciki. Sai aka mayar masa da albishir cewa shi ɗan Aljanna ne. Ka lura, Sabitu bai aiko da labarin damuwarsa ba. Da ba a je ba, da ba a sani ba.

Irin wannan ta faru a cikinmu. Akwai abokinmu da duk ajin ya san babu kamarsa a lissafi. Mahaifinsa ya rasu a shekarar da muka gama, shi ne babba, don haka maganar ci gaba da karatu ba ta taso ba. Ya yi noma na wasu shekaru, sannan ya tafi Legas yana acaɓa, yana aiko wa mahaifiyarsa da ƙannensa. A shekarar 2022 da aka hana acaɓa a wasu sassan Legas, sana'ar ta gagara, ya dawo gida ba tare da wani jari ba. Ya ci bashin taki ya yi noma, amfanin bai biya bashin ba, ga matarsa kwance ba lafiya. Duk tsawon wannan lokaci yana cikin zaurenmu, yana ganin kowane katin biki, bai taɓa cewa uffan ba.

Wanda ya gano halin da yake ciki wani ne daga cikinmu da ke sayen hatsi a kasuwannin ƙauye, mutumin da shi ma ba mai yawan magana ba ne. Ya ce kawai wata rana ya tuna cewa ya kwana biyu bai ji duriyarsa ba, sai ya karkata babur ɗinsa ya bi ta garinsu. Da ya ga abin da ya gani bai ɗauki hoto ba, bai kuma kai maganar zaure ba. Ya kira mutum biyar a waya ɗaya bayan ɗaya, ni ina cikinsu, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Aka kai matar asibiti, aka rage bashin. Wani daga cikin biyar ɗin da ke da hannu a wata makaranta mai zaman kanta ya nema masa koyar da lissafi a ƙananan azuzuwa. Albashin ba wani mai yawa ba ne, kuma har yanzu bai gama fita daga bashi ba, amma ya samu abin riƙewa. Har gobe yawancin 'yan ajinmu ba su san an yi haka ba, kuma daidai ke nan.

Wannan ya kawo mu ga ladabin labari. Labarin ɗan uwanka amana ne a hannunka. Wanda ya gaya maka cewa aurensa ya mutu, ko an sallame shi daga aiki, ko yana fama da wata cuta, bai ba ka izinin ka sanar da mutum sittin ba. Suratul Hujurat ita kaɗai ta isa ta zama doka ga kowane zauren tsofaffin ɗalibai. Aya ta 6 ta umarce mu da yin bincike kafin mu ɗauki labari, kuma mun sha ganin an yaɗa rasuwar mutum yana raye. Aya ta 11 ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, abin da ya kamata masu tono sunayen tsokana na makaranta su kula da shi, domin wanda ake kira da wani suna yana ɗan shekara goma sha biyar yau uban 'ya'ya ne, wataƙila ma limamin unguwa. Aya ta 12 ta hana mugun zato da bin diddigi da giba. Bambancin cigiya da bin diddigi kuwa a niyya yake da abin da ya biyo baya. Mai cigiya yana tambaya ne domin ya taimaka ko ya yi addu'a, mai bin diddigi kuwa abin hira yake nema.

Shi ma mai labarin alheri akwai nasa ladabin. Ƙarshen Suratud Duha ya yi umarni da ambaton ni'imar Ubangiji, a Suratu Yusuf kuma mun ga Annabi Yaƙubu (AS) yana gargaɗin ɗansa kada ya ba 'yan uwansa labarin mafarkinsa. Wato akwai lokacin faɗa, akwai lokacin ɓoyewa. Idan Allah ya ba ka haihuwa ko aiki, faɗa domin a taya ka godiya. Amma kafin ka jero hoton mota da na gida da na abincin otal a mako guda, tuna cewa cikin masu kallo akwai wanda yaransa suka kwana ba su ci ba. Kai kuma mai kallo, Annabi (SAW) ya koya mana mu riƙa duban wanda ke ƙasa da mu a abin duniya, domin kada mu raina ni'imar da muke ciki. Sakamakon jarrabawa bai raba arziki ba. Na ga wanda yake zuwa na ƙarshe a aji yau yana da motocin ɗaukar kaya, na ga mai zuwa na ɗaya yana neman aiki shekara goma da takardar digiri. Aya ta 13 ta wannan sura ta Hujurat ta riga ta gaya mana cewa ma'aunin ɗaukaka a wurin Allah shi ne taƙawa.

Shawarata ga ƙannena ita ce, tun yanzu da kuke tuna sunayen juna, ku rubuta su duka a takarda kamar yadda suke a rajista, da garin kowa da unguwarsa. Lokaci zuwa lokaci, ko da a kowace Sallah ne, mutum biyu ko uku su zauna su bi sunayen, su tambayi kansu wa aka kwana biyu ba a ji ba. Wanda yake kusa da shi ya taka ya je. Gaida marar lafiya da rakiyar jana'iza da amsa gayyata suna cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan uwansa kamar yadda ya tabbata a hadisi, kuma ba yadda za ka gaida marar lafiyar da ba ka san yana kwance ba. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Daga Tudun Kaya zuwa Rogo ko Karaye ba tafiyar da za ta gagari mai babur ba ce, kuma kiran waya na minti biyu ya isa ka ji muryar mutum ka gane ko lafiya yake.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin abokan karatunmu da malamanmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya yaye wa masu bashi, ya sanya albarka a abin da ya ba kowa. Allah ya haɗa mu a inuwar Al'arshinsa cikin waɗanda suka so juna dominsa.