Wuyan da ya karkace a ajina

Ranar wata Talata, muna cikin darasin lissafi, wuyan wata ɗalibata ta CM2 ya karkace zuwa kafaɗa. Idanunta suka kafe sama, harshe ya leƙo waje. Tana jin mu sarai, amma ta kasa magana. Kafin in isa bencinta ƴan aji sun watse, suna ihun "Mushe, aljanu ne!" Ba zan ɓoye ba, ni ma abin da ya fara zo mini ke nan.

Muka ɗora ta bisa kabu-kabu sai likita. Majo bai tambayi komi ba sai maganin da ta sha. Uwar ta fiddo kwalbar siro daga jaka: kwana biyu yarinya na amai, ta sayo mata metoclopramide wajen mai talla, tana ba ta cokali biyu maimakon ɗaya don ta samu sauƙi da wuri. Wannan magani yana tare aikin dopamin a ƙwaƙwalwa, sinadarin da ke daidaita motsin jiki, kuma yara sun fi manya faɗawa wannan murɗewar. Ya yi mata allura a tsoka. Ba a yi rabin awa ba wuya ya miƙe, har ta nemi ruwa.

Bayan isha'i abin ya dawo. Uban ya kira ni rai a ɓace, ya ce allura ta kori mutanen ne kawai, ga shi sun komo, shi wajen malami zai kai ta.

Da safe na koma wajen majo da wannan magana. Ya ce abin da aka haɗiye sai ya bi ciki da hanji, ya ratsa hanta, sannan ya zaga jiki. Na allura kuwa daga tsoka yake shiga jini, shi ya sa yake da sauri. Amma tun daga lokacin hanta ta fara farfasa shi, cikin ƴan awoyi ƙarfinsa ya ja baya. Shi kuma siron yana nan bai gama fita ba. Ƙoda ke fidda shi ta fitsari, kuma sai an yi awa 5 zuwa 6 kafin rabinsa ya tafi. Wasu awoyin kamar haka, saura kwata. Lissafin da nake koyarwa ne, ban taɓa tunanin yana gudana cikin jikin ɗalibata ba.

Ashe ya haɗa su da ƙwayoyin da za ta sha kwana biyu don su riƙe ta kafin siron ya ƙare. Ba su saya ba. Mu dai mun ɗauka in an yi allura magana ta ƙare, ƙwaya ta marar ƙarfi ce. Ban ga laifinsu sosai ba, don da ɗiyata ce wataƙila haka zan yi.

Na zana wa uban rabi da kwata a ƙasa da tsinke, a ƙofar gidansa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Malam, a sayo ƙwayar, amma rubutun ma za ta sha." Na ce ta sha.

Ranar Litinin ta dawo aji. Sai da aka yi mako biyu kafin wata ta yarda ta zauna benci ɗaya da ita.